Tsanin Ƙarin Girma da Malamin da ke Bakin Gadon Majinyaci



Na gode wa ƙungiya da ta ga dacewar a tattauna wannan al'amari a bainar jama'a, domin galibi a bayan ƙofa a ke yinsa, a ɗakin kwamiti, tsakanin mutane ƙalilan. Na san akwai mai cewa a ransa, ina ruwan ɗalibin Tarihi ko na Shari'a, ko akawun Ma'aikatar Ayyuka, da yadda jami'a ke ƙara wa malaman likita girma? To, akwai ruwansa. Ranar da ciwo ya fi ƙarfin asibitin garinku, aka rubuto takarda aka ce a kai mahaifiyarka asibitin koyarwa, hannun ɗaya daga cikin waɗannan malamai za ta faɗa, ko kuwa hannun wanda suka koyar. Ko za ta tarar da shi a bakin gadonta, ko za a ce yana ofis yana rubutu, ko ma a ce ai ya bar ƙasar tun bara, duk yana da nasaba da abin da za mu tattauna yau. Ma'aikaci ko wane iri ne ya kan duba abin da a ke saka wa mutane a kansa a wurin aikinsa, sa'an nan ya karkata can. Ku ma'aikata kun fi ni sanin wannan.

Bari mu fara da sanin mutumin da mu ke magana a kansa. Akwai malamin da ke koyar da sassan jiki ko ilmin magunguna a aji, shi ma da nasa kukan, amma mu ajiye shi sai wata rana. Wanda na ke nufi shi ne malamin da ajinsa ɗakin majinyata ne: likitan ciki, likitan yara, likitan mata, mai tiyata, likitan ido, likitan ƙwaƙwalwa da sauransu. Hanyarsa doguwa ce. Shekara 6 a jami'a in ba a yi yajin aiki ba, shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manya, shekara guda ta bautar ƙasa. Daga nan sai ya ci jarrabawar share fage, ya nemi gurbin horon ƙwarewa a asibitin koyarwa, abin da kan ɗauki shekara 5 ko 6, wani fannin ma fiye. A tsakiya akwai jarrabawa ta farko, a ƙarshe akwai ta biyu, wadda ba a gama ta sai da kundin bincike. Masu jarraba shi kuwa daga waje su ke: ko dai Kwalejin Horon Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa da doka a 1979, ko kuwa ɗaya daga cikin kwalejoji biyu na Afirka ta Yamma, ta likitoci da ta masu tiyata. In ya tsallake sai a ba shi shaidar ƙwarewa, ya zama abin da su ke kira felo. A lokacin galibi ya haura shekara 30 da haihuwa, yana da iyali, tsararrakinsa da suka karanta wani fanni sun daɗe da yin nisa a aiki. A nan ne jami'a za ta ɗauke shi, yawanci a matsayin Lakcara na Ɗaya, asibitin koyarwa kuma ya ba shi muƙamin kwansaltan “na girmamawa”. Kada kalmar ta ruɗe ku. Girmamawar a takarda ta tsaya, aikin kuwa cikakke ne, har da kiran tsakar dare.

Tun daga ranar ya zama mai iyayengiji biyu. Jami'ar tarayya tana ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi, asibitinta na koyarwa yana ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya. Can akwai Shugaban Jami'a, nan akwai Babban Daraktan asibiti, ko wanne da tsarin albashinsa da abin da ya ke nema. Wannan tsari gado ne daga Ingila, ya shigo ta Ibadan, inda aka buɗe kwalejin jami'a a 1948 tana jingine da Jami'ar Landan, aka kuma buɗe asibitinta a 1957. Aikin malamin kashi uku ne, kamar duwatsun murhu: jiyya, koyarwa da bincike. A mako guda zai zauna a kilinik ya ga marasa lafiya har la'asar, zai yi zagayen gadaje da ɗalibai da ƙananan likitoci a bayansa, in mai tiyata ne yana da ranakunsa na tiyata, zai ba da lacca, zai duba kundayen masu neman ƙwarewa, zai shirya jarrabawa. Koyarwarsa ta fi yawa a tsaye. Shi ne zai kama hannun ɗalibi ya ɗora a kan cikin majinyaci ya ce, danna nan a hankali, wannan da ka ji saifa ce ta kumbura. A wurinsa ɗalibi zai ga yadda a ke gaya wa uba cewa ɗansa ba zai tashi ba. Binciken fa? Sai dare, ko ranar Asabar, ko lokacin da ya kamata ya zauna da 'ya'yansa.

Yanzu mu zo ga tsanin. Daga Lakcara na Ɗaya sai Babban Lakcara, sai Rida, wanda waɗansu jami'o'i ke kira Mataimakin Farfesa, sai Farfesa, watau Shehun Malami. Tsakanin mataki da mataki a kan nemi aƙalla shekara 3. Sashe zai duba, tsangaya ta duba, kwamitin ɗauka da ƙarin girma ya duba. A matakai biyu na sama a kan tattara rubuce-rubucen mutum a aika wa manyan farfesoshi na waɗansu jami'o'i su yi alƙalanci a asirce. Duk wannan yana da kyau. Tambayar ita ce, me ke cikin ƙunshin da a ke aika musu? Maƙalu ne da aka buga a mujallun ilmi. Ko wace jami'a da nata adadin da nata makin, amma ko'ina maƙala ce ke buɗe ƙofa. Koyarwa ana ba ta maki, sai dai yawanci shekarun da mutum ya yi a ke ƙirgawa, wanda ya raya ɗalibai da wanda ya kashe musu zuciya duk maki ɗaya. Aikin jiyya kuwa, wanda ya cinye mafi yawan ranarsa, ƙaramin gurbi gare shi in ma yana da shi, domin a wurin jami'a wannan sha'anin asibiti ne. Asibiti kuma ba shi ke naɗa farfesa ba. Watau tukunya a kan duwatsu uku ta ke zaune, amma guda ɗaya a ke aunawa.

Ku ɗauka ga likitoci biyu an ɗauke su rana ɗaya a sashe ɗaya. Na farko shi ne wanda nas-nas ke nema in abu ya rikice, shi ne wanda sauran likitoci ke kai wa iyayensu in ba su da lafiya, ɗalibai suna rububin shiga rukuninsa. Na biyu ya gane inda iska ta dosa tun da wuri, ya bar wa ƙananan likitoci zagayen gadaje, ya raba takardun tambayoyi ga masu jiran layi, ya tsaga sakamakon gida huɗu ya buga maƙala huɗu. Bayan shekara 10 na biyu yana zaune a kwamitin da zai duba takardun na farko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba na zargin na biyu da rashin hankali. An nuna masa ma'auni, ya cika shi.

Da ya ke adadi a ke nema, kasuwa ta buɗe. Akwai mujallu birjik a intanet waɗanda ba su da aiki sai karɓar kuɗi su buga ko mene ne cikin 'yan kwanaki. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya a kan wani maganin sankara, ya cika ta da kurakurai da gangan, ya laƙaba mata sunayen marubuta da cibiyoyi na boge irin na Afirka, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka ce sun karɓa. Akwai kuma al'adar “sa sunana in sa naka”, inda mutum biyar za su yi ta musayar suna a kan ayyukan da ɗaya kaɗai ya yi. Jami'o'i da yawa sun farga, sun fara ƙin karɓar mujallun da ba a san asalinsu ba, wannan kuwa ci gaba ne. Amma gyaran ma'auni ɗaya ba zai sa ya auna abin da tun asali ba a yi shi dominsa ba.

Kada a ɗauka maganar suna ce kawai. Bisa dokar 2012, farfesa sai ya kai shekara 70 zai yi ritaya, sauran malamai 65. Shugabancin tsangaya da na kwaleji da na jami'a duk ta wannan tsani a ke hawa, saboda haka wanda ya maƙale a ƙasa ba shi da baki a inda a ke tsara manhaja. Kuma yana da inda za shi. Tun tsakiyar shekarun 1980, lokacin da darajar naira ta faɗi, ƙwararrun likitocinmu suka fara kwarara zuwa Saudiyya, daga baya Ingila da Kanada da Amurka suka shiga layi. Tsakanin 2023 da 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar faɗaɗa guraben ɗaliban likita ƙwarai da gaske. Lacca dai ana iya yi wa mutum 300 da lasifika. Bakin gado kuwa ba ya ɗaukar fiye da ɗalibai goma, ko da majinyacin mai haƙuri ne.

Wannan matsala ta girme mu, kuma ba a nan ta faro ba. Zan ɗan kai ku Amurka, domin can ne aka fi daɗewa ana kokawa da ita, kuma akwai darasi a nasararsu da kuma tuntuɓensu.

A ƙarni na 19 farfesoshin jiyya a Amurka likitocin gari ne masu cin abinci da majinyatansu, koyarwa kuwa sai in sun sami sarari. Aka buɗe asibitin Johns Hopkins a Baltimo a 1889, makarantarsa ta likita a 1893, da niyyar haɗa jiyya da kimiyya irin ta Jamus. A 1910 Gidauniyar Carnegie ta buga rahoton Abraham Flexner, wanda malamin makaranta ne, bai taɓa karatun likita ba. Ya zagaya makarantun likita 155 a Amurka da Kanada, ya ce yawancinsu ba su cancanci zama ba, ya ɗauki Hopkins a matsayin abin koyi. Shi da masu ra'ayinsa suka matsa a mai da farfesan jiyya cikakken ma'aikacin jami'a mai albashi, ya bar neman kuɗi a gari ya duƙufa ga koyarwa da bincike. A 1913 wata hukumar ilmi ta iyalin Rockefeller ta ba Hopkins dala miliyan 1.5 domin a fara haka a sassan ciki da tiyata da yara. Abin dariya, farfesan ciki na lokacin, Lewellys Barker, wanda ya taɓa yin kira a yi wannan tsari, da aka zo aiwatarwa sai ya ga ba zai iya rabuwa da majinyatansa ba, ya sauka daga kujera.

Wanda ya fi kowa nuna shakka shi ne William Osler, farfesan ciki na farko a Hopkins, wanda ya koma Oksfod a 1905. Shi ne ya fitar da ɗalibai daga ɗakin lacca ya kai su ɗakin majinyata, har ya ce abin da ya fi so a tuna shi da shi ke nan. A 1911 ya rubuta wa shugaban jami'ar wasiƙa yana gargaɗi cewa za a wayi gari da malamai waɗanda duniyarsu ba ta wuce ɗakin gwaji ba, sun yi nesa da jama'a da kuma irin aikin da ɗalibansu za su fita su yi. A ganina Flexner ya fi gaskiya a zamaninsa, domin yawancin abin da mu ke warkar da mutane da shi yau daga wannan duƙufa ga bincike ya fito. Amma abin da Osler ya hango ya zo. Ma'aunin masanin ɗakin gwaji, watau maƙala da kuɗin bincike, shi ya zama ma'aunin kowa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta zuba kuɗi a binciken lafiya. A 1965 kuma ta kafa tsarin biya wa tsofaffi da matalauta kuɗin asibiti, sai jiyya ta zama babbar hanyar samun kuɗin makarantun likita. Suka ɗebi likitoci da yawa domin su ga marasa lafiya su kuma koyar. To amma akwai wata ƙa'ida ta jami'o'in Amurka tun 1940, cewa malami zai yi shekara 7 na gwaji, daga nan ko a ba shi kujerar dindindin ko ya kama gabansa. Likitan da ya yini a kilinik ba zai tara abin da a ke nema cikin shekara 7 ba. Makarantu suka ga suna sallamar mutanen da asibitinsu ya dogara a kansu. Saboda haka tun daga shekarun 1970 waɗansu, kamar Jami'ar Pensilbaniya, suka fara tsaga hanya: ga ta likita mai bincike, ga ta likita mai koyarwa, daga baya ga ta wanda aikinsa kusan duka jiyya ne. Tun ranar ɗauka a ke rubuta wa mutum hanyarsa da yadda za a raba lokacinsa, a kuma auna shi da abin da aka ɗauke shi ya yi. A 1990 Ernest Boyer, shugaban wannan Gidauniya ta Carnegie da ta aiki Flexner shekara 80 kafin nan, ya wallafa littafi yana cewa aikin masani iri huɗu ne: gano sabon ilmi, haɗa ilmin da ya warwatsu, aiki da ilmi wajen warware matsalar jama'a, da kuma koyarwa. Wannan ya ba masu gyara hujja. Harvard ta kai ga barin malami ya zaɓi fagen da ya fi fice a kai, bincike ko jiyya ko koyarwa. Hopkins kanta, wadda ta daɗe tana riƙe da hanya ɗaya tal, sai wajen 2020 ta buɗe hanyar ƙarin girma ta ƙwarewa a jiyya.

Sai dai kada mu kwaso kayan mutane ba mu duba ƙasan kwandon ba. A makarantu da yawa sabuwar hanyar ta zama ƙofar baya. An liƙa wa muƙamin wata kalma da ke nuna cewa wannan farfesa ne amma na jiyya, kowa kuma ya san abin da a ke nufi. Yawanci ba kujerar dindindin, sai kwantaragi da a ke sabuntawa. Wani bincike da aka yi a Hopkins aka buga a 2004 ya nuna malaman da suka fi ba jiyya lokaci su ne suka fi zama a ƙananan matakai. Mata sun fi taruwa a waɗannan hanyoyi, domin shekarun tara maƙalu su ne shekarun haihuwa da reno. Har ila yau asibitoci suka sa wa likita adadin kuɗin da zai shigo da shi, har koyarwar da aka tsaga hanyar dominta ta rasa lokaci. In muka kwaikwayi wannan yadda ya ke, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Mu dawo gida. A nan, maimakon a faɗaɗa ƙofa, gardamar da ta fi zafi ita ce ta ƙara mata sakata. A ƙarshen 2019 Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ta aika wa jami'o'i takarda wadda likitoci suka fahimta da cewa shaidar ƙwarewa ba za ta isa ba, sai malami ya ƙara da digirin digirgir kafin ya ci gaba. A watan Fabrairu na 2020 ƙungiyar kwansaltan-kwansaltan ta ƙasa, MDCAN, ta janye 'ya'yanta daga koyar da ɗalibai a kan wannan. Maganar ta sake tashi a 2024, lokacin da Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka ta nemi sabon shugaba da sharuɗɗan da suka fitar da masu shaidar ƙwarewa daga takara. A watan Nuwamba ƙungiyar ta yi yajin gargaɗi na kwana 7, cikin buƙatunta har da batun albashi, domin an daɗe ana jayayya ko da ma'aunin malaman jami'a za a biya malamin likita ko da na likitoci. A wannan watan dai gwamnati ta rushe hukumar gudanarwar jami'ar ta soke naɗin da aka yi, bisa dalilin saɓa ƙa'ida. Ga mai sanin tarihi abin da ban mamaki. Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Farfesa Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya shugabanci ta Ibadan, Farfesa Umaru Shehu ya riƙe ta Nsukka. Ita kanta NUC, likitan zuciya ne, Farfesa Jibril Aminu, ya riƙe ta daga 1975 zuwa 1979.

Ra'ayina a nan ba zai yi wa ko wane ɓangare daɗi sosai ba. 'Yan'uwana likitoci da ke cewa shaidar ƙwarewa daidai ta ke da digirin digirgir, ko ma ta fi shi, suna gwada tsawon raƙumi da nauyin giwa. Ita horo ce na zama gwanin jiyya, kundin bincike yanki ne kawai a cikinta. Shi kuwa horo ne na shekaru a kan yadda a ke bin tambaya guda har a ga ƙarshenta. Masu cewa kowa sai ya yi shi kuma su gaya mana, wa zai riƙe ɗakin haihuwa na shekara 3 ko 4 da likitan zai tafi? In kuwa ba zai tafi ba, a gefen aiki zai yi, to digirin suna za a samu, a ƙara kasuwa a kan kasuwa. Ingila ta bi wata hanya bayan rahoton kwamitin Mark Walport na 2005. Ta ware gurabe na musamman ga matasan likitoci masu sha'awar bincike, inda rubu'in lokacinsu na bincike ne, su fita su yi digirin da tallafi, su dawo su zama lakcara rabi asibiti rabi bincike. Wanda ya ke son likita mai bincike sai ya sayi lokacinsa. Ba kowa a ke nema da haka ba.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na raina bincike. A shekarun 1970 a Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry sun lura da yawan matan da ke zuwa da kumburi da haki bayan haihuwa, zuciyarsu ta gaza. Suka bi mata sama da 200, suka rubuta abin da suka gani, suka danganta shi da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta da shan kunun kanwa. Duniya ta san wannan ciwo sosai ta dalilin aikinsu. A 2020 wani bincike na asibitoci da yawa a Nijeriya, wanda Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, ya sake duba lamarin, ya sami cewa talauci da rama da hawan jini na masu ciki sun fi waɗannan al'adu alaƙa da ciwon. Dukansu biyu daga bakin gado suka taso, kuma na biyu ya gyara na farko. Irin wannan aiki guda ɗaya ya fi maƙalar cike gurbi talatin, amma a ma'aunin ƙirga, talatin ta fi ɗaya.

Abin da na ke ganin ya kamata shi ne jami'a ta buɗe hanya fiye da ɗaya zuwa muƙami ɗaya, sunansa ɗaya, albashinsa ɗaya, haƙƙinsa na shugabanci ɗaya, kuma mutum ya iya sauya hanya in rayuwarsa ta sauya. Mai hanyar bincike a rage masa kilinik, a nemi digirin da manyan ayyuka daga gare shi. Mai hanyar jiyya da koyarwa shi ma sai ya kawo hujja, kuma hujjar ta kasance mai nauyi: yawan ayyukan da ya yi da yadda majinyatan suka ƙare, sashen da ya kafa inda da babu, kamar na wankin ƙoda ko na jariran da ba su isa haihuwa ba ko na gyaran yoyon fitsari, ƙa'idojin jiyya da ya rubuta har waɗansu asibitoci suka ɗauka, likitocin da suka zama felo a hannunsa, littafin da ya rubuta wa ɗalibai, gayyatar da kwalejoji ke yi masa ya zo ya yi jarrabawa. Rubutu ba zai faɗi a kansa ba, domin ilmin da ba a rubuta ba yana bin mai shi kabari. Amma a ce ya zaɓo guda biyar da ya fi alfahari da su, alƙalai su karanta su da gaske. Kuma jami'a da asibiti su zauna tare su duba aikinsa sau ɗaya a shekara, kamar yadda aka ba da shawara a Ingila tun 2001, maimakon ko wanne ya ga rabinsa.

Akwai suka mai ƙarfi a kan wannan, kuma ban ga amfanin ɓoye ta ba. Ƙirga maƙalu, duk da aibinsa, garkuwa ce ga marar uban gida. Wanda shugaban sashe ba ya so, ko wanda ya fito daga wata jiha, in ya ajiye maƙalunsa a tebur ba mai iya cewa babu su. Ranar da aka ce “ƙwarewa a jiyya” za a auna, an ba son kai da ƙabilanci ƙofa, sai a ga ɗan gaban goshi ya zama gwani dare ɗaya. Akwai kuma mutum na uku da ban ambata ba ɗazu, wanda ba ya rubutu, ba ya zagayen gadaje, yana can asibitinsa na kuɗi a cikin gari. Shi zai fara rugawa ya fake a sabuwar hanya. Maganin duka biyu shi ne hujjar ta fito daga rijista, kada ta fito daga bakin shugaba. Littafin ɗakin tiyata, rijistar kilinik, rahoton taron duba mace-mace, sakamakon jarrabawar kwalejoji, waɗannan ba su san ɗan wane ba, kuma alƙalan waje za su iya bincika su. To amma sai in ana ajiye su. Asibitin da fayil ɗin majinyaci ke ɓata tsakanin zuwa da zuwa ba zai iya auna likitansa ba. Nan ne maganar ta iso kanku, matasan ma'aikata, domin ofishin ajiyar bayanai da na kula da ma'aikata da na magatakardan jami'a duk a hannun irinku su ke, kuma daftarin ƙa'idojin ƙarin girma ta teburinku ya ke bi kafin ya isa majalisar jami'a.

Ku kuma ɗalibai, a jami'o'in da a ke raba muku takardar auna malami a ƙarshen zango, na san yadda a ke cika ta: a tsaye, cikin minti ɗaya, kowa a ba shi “madalla” don a zauna lafiya. Takardar da kowa ya ci ba ta da amfani ga kwamiti, shi ya sa ba ya duba ta. Ƙungiyarku tana iya neman a riƙa raba ta bayan ko wane zagaye na asibiti, ba tare da suna ba, wani ofishi dabam da sashen ya tattara, a kuma ajiye ta shekara da shekaru a fayil ɗin malami. Waɗanda ke dab da gamawa kuma, masu niyyar komowa su koyar, ku buɗe littafi tun ranar farko ta horon ƙwarewa, ku riƙa rubuta ko wane aiki da kuka yi, da ko wane ɗalibi da kuka koyar, da kwanan wata. Ranar da aka miƙo muku takardar ɗauka, ku nemi kundin ƙa'idojin ƙarin girma na jami'ar ku karanta shi kafin ku sa hannu, ku kuma tambayi shugaban sashe kwana nawa a mako za a bar muku domin abin da kundin ke nema.

Shugaban taro, na ga ana yi mini nuni da agogo. A nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.